Tsanin lissafi a lise ta fasaha

A Nijar, shekara 3 ce tsakanin BEPC da bak. A ajin segwand ake kafa bekta da sinus da kosinus, deribe ya biyo a aji na biyu, lambobin kwamfilekis kuwa sai tarminal. Ɗalibaina na jami'a sukan ɗora wa tarminal laifin rauninsu, amma in na bi sawu, a segwand nake tarar da ɓarakar. Ɗalibin lantarki yakan haddace j × j = −1 (j suke rubutawa, domin i sunan kwararar wuta ne), har ya ci jarrabawa, alhali bai san cewa j juya bekta take yi da digiri 90 ba. In aka juya sau biyu, kibiyar ta fuskanci baya, daga nan −1 ta fito.