Wa Zai Biya Mai Ban-Ruwa?

Rubutun wannan makon a kan roƙo ne, irin roƙon da ake yi da takarda a hannu da wankakkiyar riga a jiki, kuma ba don cikin mai roƙon ba.

Mu 'yan wata ƙaramar ƙungiya ne a Dutse, muna dashen itatuwa a makarantun firamare da maƙabartu da gefen hanya, daga cikin gari har ƙauyukan Kiyawa da Jahun. Karo-karon da muke yi ba ya wuce kuɗin leda da taki. Duk abin da ya fi haka sai an je gaban masu hali, kuma da yake akwai masu ɗan taɓa rubutu a cikinmu, aikin rubuta takarda da zaman zaure kanmu ya faɗo.

Mu fara da wanke masu kuɗinmu daga zargi: ba marowata ba ne. Mutumin da ya gina masallaci a unguwarsu, ya haƙa rijiyar burtsatse, yake raba gero duk azumi, ba a kiransa marowaci. Sai dai duk waɗannan abubuwa ne da ido ke ganin ƙarshensu. An gama masallaci, an yi sallar farko, magana ta ƙare. Itace kuwa ranar da aka dasa shi ranar ce aiki ya fara. A watan Yuli da Agusta komai kore ne, ko sanda ka kafa sai ka zaci za ta yi ganye. Da an yi girbi aka saki awaki, sannan zafin Maris da Afrilu ya sauko a kan duwatsun nan namu, a lokacin ake sanin wanda ya yi dashe da wanda ya yi biki.

Kuɗin ranar dashe ba ya wuyar samu. Rumfa, kujeru, riguna masu tambari, mai ɗaukar hoto, babban baƙo ya durƙusa ya tura ƙasa a rami, wannan kowa yana so ya biya. Wanda ke da wuya shi ne kuɗin Afrilu: ɗan ga-ruwan da zai riƙa zagayawa da kura, kejin da zai hana akuya, da ɗan abin da za a ba dattijon da ya yarda ya sa ido har rani biyu ko uku. Ba a kiran 'yan jarida ranar da aka biya mai ban-ruwa. Kusan duk takardar da muka rubuta, wannan kuɗin muke nema.

Ba mu muka fara wannan sana'ar ba. A Legas, attajiri Cif S. L. Edu ne ya kafa gidauniyar kare muhalli ta Najeriya a 1980, kuma da kuɗin kamfanin mai na Chevron aka gina gandunta na Lekki a 1990. A nan kusa da mu, ƙungiyoyin ƙasashen waje masu kula da tsuntsaye da dausayi sun shigo fadamar Haɗeja da Nguru a 1987, har mijin Sarauniyar Ingila, Yarima Filibus, ya zo Dagona a 1989. Gandun Baturiya ya shiga jerin dausayin duniya na yarjejeniyar Ramsar a 2008. Abin alfahari ne. Amma kuɗin waje da wa'adi yake zuwa, shekara uku ko biyar, sai a rubuta rahoto a naɗe tabarma. Ita kuwa tsamiya ba ta san wa'adi ba.

Shi ya sa sunan da ya fi yi mana amfani a zaure na gida ne. Marigayi Sarkin Dutse Alhaji Nuhu Muhammad Sanusi, wanda ya yi sarauta daga 1995 zuwa 2023, kowa ya san ƙaunarsa ga itatuwa, ga kuma filin wasan golf da ya kafa ya cika shi da shuke-shuke. Idan muka ce, "Ranka ya daɗe, ai ka ga abin da Mai Martaba ya bari," sai ka ga mai gida ya gyara zama. Ya ga wurin da idonsa, ya san yadda yake kafin nan. Ba ya buƙatar mu karanta masa wani jawabi a kan ɗumamar duniya.

Akwai kuma wata kalma da ta buɗe mana ƙofofi, wato waƙafi. Zakka tana da mutanenta guda takwas, itace ba ya cikinsu, kuma duk wanda ya nemi zakka don dashe malamin gidan zai mayar da shi. Waƙafi da sadaka mai gudana kuwa ƙofa ce a buɗe. Alhajin da ya san labarin rijiyar Ruma da Sayyidina Usman ya saya ya bar wa mutanen Madina, ba sai an yi masa dogon bayani ba a kan gonar dabino da amfaninta zai riƙa zuwa wa makarantar allo. Dabino kuma ba baƙo ba ne a Dutse, ga tashar binciken dabino ta gwamnatin tarayya a garin.

To ga inda abin ya shafe ku, 'yan uwa. Takardar neman tallafi rubutu ce, kuma mai karatunta ya fi kowane alƙalin gasa tsanani, domin shi idan layi biyu na farko ba su kama shi ba, ƙarƙashin darduma za ta kwana. Mun daina rubuta "yaƙi da kwararowar hamada". Muna rubuta sunan makarantar, da yawan ramukan, da irin itacen, da sunan unguwar mai ban-ruwa, da abin da zai ci a wata. Shafi ɗaya. Ba ma aika ta da yaro, kuma ba ma zuwa sai da wanda mai gidan ke jin nauyinsa, abokin kasuwancinsa ko limamin masallacinsa. Zuwan farko gaisuwa ce kawai. "Za mu duba" tana nufin a'a a wani gidan, a wani gidan kuma tana nufin ku dawo bayan sallah, kuma ɗan rakiyar ne kaɗai zai iya fassara maka ita. Wanda ya ba da kuɗi, bayan wata shida muna kai masa lissafi da hoto, har da adadin waɗanda suka mutu. Wannan ɓangaren na ƙarshe wasunmu ba sa so, amma shi ke sa a sake buɗe mana ƙofa.

Abin da har yanzu muka kasa sayar wa kowa shi ne sassabin zamani, dabarar da manoman Maraɗi suka kama tun wajen 1983: maimakon dashe, a bar tohon kututturen gawo da sauran itatuwa a gona, a rage rassan, a kare shi. An ƙiyasta cewa ta farfaɗo da hekta kusan miliyan 5 a Nijar. Ta fi dashe araha nesa ba kusa ba, amma ba ta da ranar buɗewa, ba ta da ramin da babban baƙo zai durƙusa a gabansa.

A bana wani ɗan kasuwa mai sayen hatsi a Shuwarin ya ɗauki nauyin mai ban-ruwa na rani biyu a wata maƙabarta. Sharaɗinsa ɗaya ne: kada mu cika wurin da darbejiya, mu sa tsamiya da kanya, irin waɗanda ya taso yana gani a gonar mahaifinsa kafin masu gawayi su zo. Ya kuma ce kada a rubuta sunansa a kan allo. Kanya tana da jinkirin girma, mun gaya masa, ya ce ya sani. Yanzu muna yawon neman irinta, duk wanda ya san inda ake renonta a tsakanin Dutse da Birnin Kudu ya yi mana magana.