Yadda Na Adana Muryar Kakata

Ni ɗan Goronyo ne. Kakata ta ga kogin Rima tun kafin a kammala madatsar ruwan Goronyo a 1984, ta kuma ga ambaliyar 2010 wadda ta cinye gonaki da gidaje. Duk hutu sai ta zaunar da mu ta ba mu labarin fadama da masunta. Amma tsufa ya kama ta, muryarta ta yi ƙasa sosai. Sai na ƙudura in ɗauki maganarta tun da sauran lokaci.

Wani malaminmu ya ara mini makirufo ƙirar Shure SM58. Ya bayyana mini cewa wutar da makirufo ke fitarwa kaɗan ce ƙwarai, dole a sami na'urar da za ta ƙara mata ƙarfi kafin ta shiga kwamfuta. Masu sana'a suna kiran na'urar firiyam. Kuɗin da na tara daga aikin albasa ba su da yawa, don haka na sayi mafi araha da na samu, mai maɓallai da fitilu barkatai. Da na kunna abin da na ɗauka, sai shuuu kawai nake ji kamar ana ruwan sama, muryar Kaka kuwa can ƙasa. Ta yi dariya ta ce, "Maigidana, wanga ƙarfe naka kurma ne?" Lallai araha ba ta ado.

Na koma wurin Malam da kunya. Ya koya mini abu uku. Na farko, ƙarin ƙarfi ana auna shi da desibel, kuma makirufo irin nawa a bakin mai sanyin murya yana neman desibel 50 zuwa 60. Na biyu, a murɗa maɓallin ƙarfin zuwa sama a saurara, domin a nan ne na'ura marar kyau ke tona asirin kanta da shuuu. Na uku, a duba ko tana ba da wutar bolt 48, wadda makirufo irin na kwandensa ke bukata. Ya ƙara da cewa in nemi mai cin wuta ta USB daga kwamfuta, saboda wutar lantarki ba ta da tabbas a garinmu.

Da aka sake hutu na bi kawuna zuwa kasuwar Sabon Gari a Kano, makirufo na cikin jakata. Na gwada na'urori huɗu, ina raɗa a hankali kamar yadda Kaka ke magana. Na zaɓi Focusrite Scarlett kwance, mai ƙofa biyu. Ba ita ce mafi tsada ba, amma muryata ta fito tas.

Dare bakwai muka yi a ɗakinta, na rataya barguna a bango, ta yi ta ba da labari. Da damina ta zagayo Allah ya yi mata rasuwa. Yau ƙannena suna jin dariyarta.

'Yan'uwana ɗalibai, in za ku sayi kaya, ku tambayi wanda ya sani, ku gwada da kunnenku. In kuma akwai tsoho a gidanku, kada ku jira wani hutu.