Hoton Sulke da Lifidi

Wanda ya taso daga Sundimina ko Gwaram ya shiga Gidan Makama a Kano, da wuya ya wuce kayan yaƙi bai ciro waya ba. Amma sulke ba ya son gaggawa. In ka haska masa fitila, zobban ƙarfen sai su haɗe, hoton ya yi fari fat. Sai ka matsa kusa, haske ya faɗo daga gefe, sannan za ka ga yadda kowane zobe ya riƙe 'yan'uwansa.

Lifidi ya fi ba ni tausayi. Auduga ce aka cusa aka ɗinke, asu da ƙura kuma ba sa raga mata. Tarihin Kano ya ce Sarki Kanajeji, wajen 1390 zuwa 1410, shi ya shigo da lifidi da sulke da kwalkwali. Japanawa sun adana kayan samurai, mayaƙansu na da, har da igiyoyinsu na siliki. Namu kuwa, wasu na gidajen sarauta, sai hawan sallah ake ganinsu. Ina so matasanmu su bi su can, su ɗauki hoto, su tambayi dattawa wa ya fara sa su.