Wa ya fasa kwanon, kuma da gangan ne?

Mai karatu, in kana cikin masu bibiyar finafinan waje da rubutacciyar fassara a ƙasa, akwai wata 'yar kalma ta harshen Biyetnam da nake so ka riƙe. Kalmar ita ce làm. Asalin ma'anarta "yi" ko "aiki", amma da zarar an ɗora ta a gaban wata kalmar sai ta koma "sa", irin tamu ta "ka sa ni kuka". Su cewa suke anh làm em khóc. Aikatau ɗinsu ba ya canza siffa ko kaɗan. Mu kan juya "ci" ta zama "ciyar da", "tsaya" ta zama "tsayar da". Su kuwa jera kalmomin kawai suke yi.

Ni na fara kula da ita ne ta dalilin finafinan darakta Trần Anh Hùng, musamman Mùi đu đủ xanh, wato Ƙamshin Ɗanyar Gwanda, wanda ya ci kyautar Caméra d'Or a bikin Cannes a 1993. Labarin Mùi ne, yarinya 'yar aikin gida a Saigon ta 1951, duk da cewa a sutudiyo a Faransa aka ɗauke shi. Magana ba ta da yawa a fim ɗin, shi ya sa kunne kan kama 'yar wadda aka yi.

To ga inda gizo ke saƙar. Làm ba ta cika ɗora wa mutum niyya ba. In 'yar aiki ta ce em làm vỡ bát, ta amsa cewa kwano ya fashe ta dalilinta, amma galibi tsautsayi ne. Wanda ya rotsa shi da gangan, đập vỡ ake ce masa. Shi ya sa làm ta fi tafiya da abin da ke faɗo wa mutum ba da son ransa ba: kuka, baƙin ciki, faɗuwa, fashewa. In takarda ce ko jawabi, sai ka ji khiến a madadinta.

Tilas kuma kalmarsa daban, bắt, wadda asalinta "kama". Mẹ bắt con lấy chồng: uwa ta tilasta wa 'yarta aure. Cire bắt ka sa cho, wato "ba", sai ya zama uwar amincewa ta yi, yarinya ce mai so. Kai da ka sha kallon auren dole a finafinanmu, ka karanta shi a littattafan soyayya har ka gaji, ai ka san gabaɗayan labari kan rataya ne a kan wannan bambancin.

Matsalar ita ce "sa" ɗinmu babban buhu ce, tana ɗaukar tilas da tsautsayi duka. Mai fassara in ya yi ganda ya rubuta "ta sa ta aure", shi kenan, ya wanke muguwar uwa ko ya shafa wa ta kirki kashin kaji, ɗan kallo bai sani ba. Alhali muna da "tilasta", muna da "bari", muna da "jawo" da "haddasa". Yanzu da fassarar finafinai zuwa Hausa ta zama sana'a, kuma akasari ta hannun Turanci take biyowa, wannan bambancin kan zube tun kafin ya iso Kano.