Alta: Garin Da Kare Ke Jan Keke Kafin Ƙanƙara Ta Sauka

Can a ƙuryar arewacin ƙasar Norwe, inda Nahiyar Turai ta kusa ƙarewa, akwai wani gari a bakin teku da ake kira Alta. Daga Oslo, babban birnin ƙasar, tafiyar kamar awa biyu ce a jirgin sama. Baƙon da ya sauka garin cikin watan Satumba, idan ya yi sammako ya bi hanyoyin burji da suka ratsa dajin gefen kogin Alta, ba zai daɗe ba zai ga abin da zai tsai da shi. Da fari zai ji huci, sa'an nan ƙarar taya a kan tsakuwa, sai ga kare ya ɓullo a guje, harshe waje, yana jan igiya. Igiyar kuwa a ɗaure take da keke, bisa keken kuma ga mutum da hular kwano ya duƙufa yana taka feda. Kafin baƙo ya gama mamaki sun ɓace cikin itatuwa. Mutanen garin kuwa ko waiwaye ba sa yi.

Alta tana cikin lardin Finnmark ne, wanda ya ɗan ɗara Jihar Kaduna faɗin ƙasa, amma duk jama'arsa kimanin mutum 75,000 ne, fiye da 20,000 daga cikinsu kuwa a gundumar Alta suke zaune. Gari ne mai sababbin gine-gine, domin sojojin Jamus sun ƙone shi ƙurmus a ƙarshen 1944, sa'ad da suke ja da baya a Yaƙin Duniya na Biyu, sai bayan yaƙi aka sake gina shi. Daga tsakiyar Mayu zuwa ƙarshen Yuli rana ba ta faɗuwa ko kaɗan, daga ƙarshen Nuwamba zuwa tsakiyar Janairu kuma ba ta fitowa. A bayan gari akwai wani makeken tudu, fili fetal, wanda dusar ƙanƙara kan lulluɓe fiye da rabin shekara. A garin Karasjok da ke cikin wannan tudu aka auna sanyi mafi tsanani a tarihin ƙasar, watau digiri 51 ƙasa da sifiri, a 1886.

Tseren Watan Maris

A irin wannan ƙasa kare dabbar aiki ce, kamar yadda doki ko raƙumi yake a wasu wurare. Kowace shekara cikin watan Maris jama'a kan yi cincirindo a tsakiyar Alta domin ganin tashin tseren Finnmark, wanda aka fara a 1981 da mutum uku kacal. Babu tseren karnuka da ya kai shi tsawo a duk Turai. Babban rukuninsa kilomita 1,200 ne, daga Alta zuwa Kirkenes da ke kusa da iyakar Rasha da komowa, watau ya fi nisan hanyar jirgin ƙasa daga Ikko zuwa Kano. Kowane ɗan tsere yakan tashi da karnuka har 14 suna jan wani amalanke marar ƙafa da ke sulɓi a kan ƙanƙara, su shafe wajen mako guda a hanya. A zangunan da aka tanada likitocin dabbobi na duba karnukan, wanda aka ga yana ɗingishi ko ya galabaita sai a cire shi, ba ya kuma komawa.

To, amma ba a fafe gora ranar tafiya. Karen da zai iya wannan aiki a watan Maris, tun a watannin da babu ƙanƙara ake gina shi, daga nan ne kuwa matsalar take farawa. Waɗannan karnuka, tun kaka da kakanni masu son gudu ake zaɓa ana haɗa su, har gudun ya zame musu kamar yunwa. Idan aka bar matashinsu a ɗaure daga Yuni har Oktoba, sai ya dinga haushi ba dare ba rana, ya tone gindin shinge, ya tauna takalma da ƙafafun kujeru, ya shiga faɗa da 'yan uwansa. Mafarautan ƙasar Hausa ba sa bukatar a yi musu bayanin halin da karen farauta kan shiga in ya daɗe bai ga daji ba.

Masu karnuka na wannan yanki suna da misali daga wani ɗan ƙasarsu, Leonhard Seppala, wanda aka haifa a 1877 a Skibotn, kudu maso yamma da Alta, ya yi ƙaura zuwa Alaska ta Amurka. Yana da wani kwikwiyo mai suna Togo, fitinanne, wanda ya dame shi har ya ba da shi kyauta. Kwikwiyon ya fasa gilashin taga ya komo gida, ya ci gaba da bin ayarin maigidansa yana tsokanar manyan karnuka. Ranar da Seppala ya gaji ya ɗaura masa kayan ja, ran nan ya natsu. Wannan kare shi ne ya ja gaba a zango mafi tsawo da hatsari a 1925, sa'ad da aka kai maganin cutar mashaƙo garin Nome cikin tsananin hunturu. Ashe rashin aiki ne ya mai da shi fitinanne tun farko.

Bareyin Mutanen Sami

Mai karatu zai ce, tun da ga fili iya ganin ido, me zai hana a kwance kare ya sha gudunsa ya dawo? Amsar ita ce filin yana da masu shi. Tudun Finnmark makiyaya ce ta mutanen Sami, waɗanda ke kiwon wata irin babbar barewa mai ƙaho rassa-rassa. Ita ce namansu, ita ce suturarsu, ita ce kuma dukiyarsu, kamar yadda saniya take ga Bafillatani. A unguwar Hjemmeluft da ke gefen Alta akwai zane-zane a kan duwatsu, waɗanda aka gano a 1973 kuma hukumar UNESCO ta sa su cikin kayan tarihi na duniya a 1985. Mafi daɗewarsu sun kai shekara 7,000, a cikinsu kuwa ga bareyin nan an kora su cikin shinge.

Haƙƙin makiyayan nan ba abin wasa ba ne a Alta. A watan Janairu na 1981, shekarar da aka fara tseren, sai da gwamnati ta kawo 'yan sanda wajen 600 domin kwashe masu zanga-zanga da suka tare hanyar gina madatsar ruwa a kogin Alta, saboda tsoron abin da za ta yi wa makiyaya da kamun kifi. An gama madatsar a 1987, amma rigimar ta share hanyar kafa Majalisar Sami, wadda aka buɗe a Karasjok a 1989.

Bareyin kan haihu ne cikin watan Mayu. Kare guda da ya kuɓuce yana iya tarwatsa garke, ya raba 'ya'ya da iyayensu, ko ya kori mai ciki har ta yi ɓari, ko da bai ciji ko ɗaya ba. Saboda haka, da kuma kare tumaki da namun daji, dokar Norwe ta wajabta riƙe kare da igiya daga 1 ga Afrilu zuwa 20 ga Agusta, ta kuma ba gundumomi ikon ƙara wa'adin. In kare ya yi ɓarna mai shi ne zai biya diyya, shi kansa karen kuma yana iya rasa ransa. Ga kare na bukatar gudu, ga doka ta hana sakinsa, ga shi kuma ƙafar ɗan Adam ba ta iya bin sa. Keke ne ya raba wannan gardama, domin kare yana gudu iya son ransa alhali kuwa yana ɗaure.

Yadda Ake Horon

Kayan aikin ba su da yawa. Ba a ɗaura igiyar a wuya, don kada ta shaƙe shi. Akan sa masa wata ɗamara mai laushi da ta rungume ƙirji da kafaɗu, ta yadda nauyin ja zai bazu a jikinsa. Igiyar kanta ta ɗara mita biyu, tana da roba a ciki mai miƙewa, don fizga kada ta kai ga bayan kare ko ta kayar da mahayi. A ƙarƙashin kan keke kuma akwai wata 'yar sanda mai lanƙwasa da ke ɗaga igiyar, domin in ta saki ta faɗa cikin tayar gaba, mahayi zai tsinci kansa a ƙasa kafin ya ankara.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma in an matsa sai ya karye. Ƙasusuwan kwikwiyo ba sa gama ƙwari sai ya kai shekara guda, manyan iri ma har shekara guda da rabi, wanda kuwa ya sa shi ja mai nauyi kafin nan yana iya nakasa masa gaɓoɓi har ƙarshen rayuwarsa. Don haka da ƙafa ake farawa. Maigida yana bayansa da igiya, yana koya masa kalmomin dama da hagu da tsaya, da kuma wadda ta fi su wuya, watau wuce, wadda ake faɗa idan zomo ko wani kare ya gitta. Bayan nan a tura keke da hannu kusa da shi har ya saba da ƙarar sarƙa da birki. Ranar hawan farko kilomita ɗaya ko biyu ta isa, mahayi yana taka feda don ya rage masa nauyi, yatsunsa kuma ba sa barin birki. Gwanayen abin sukan tsaya ne tun kare yana sauran marmari, don gobe ya tashi da ɗoki.

Ba a bin kwalta, domin tana cinye tafin ƙafarsa. Ko a burji ma akan duba ƙafafun bayan kowace fita, in tsakuwa ta yi kaifi a sa masa 'yan safa na yadi mai kauri. Ba a kuma fita da shi da cikakken ciki. Wasu sukan ba shi ruwa da ɗan romon nama tun da sauran lokaci, don ya sha da yawa kafin a tashi.

Babban abokin gaba shi ne zafi. Kare ba ya zufa a jiki kamar mutum, da haki yake fitar da zafinsa, waɗannan kuwa ga gashi mai kauri. Da ma'auni ya haura digiri 15, watau sanyin da zai sa mutumin Jos neman bargo da asuba, masu karnuka da yawa sukan fasa fita. Shi ya sa ake yin abin da sassafe ko da dare, shi ya sa kuma aikin ke kankama daga ƙarshen Agusta. Kare mai ɗoki ba ya sanin ya isa, zai yi ta ja har ya faɗi, saboda haka hankalin tsayawa yana wuyan na bisa keke. Idan ya ga igiya ta fara saki, ko harshe ya yi faɗi fiye da kima, ko ƙafafun baya suna tangaɗi, tilas ya sauka a nemi ruwa da inuwa.

Masu manyan ayari sukan ɗaura karnuka goma ko fiye a gaban babur mai ƙafa huɗu. Amma keke yana da wani amfani da babur ba shi da shi, domin kare guda ne da mutum guda, kowane kuskure a fili yake, kuma a nan ake gane wanda ke sauraren murya, wanda wata rana zai iya jan gaba. Abin ma ya zama wasa mai zaman kansa, ana yin gasar duniya a kansa. Tun a shekarun 1980 'yan Norwe suka haɗa karen farautar tsuntsaye na Jamus da dogon karen tsere na Ingila, suka sami wani iri mai gajeren gashi da ke iya jan keke a gudun da ya haura kilomita 30 a awa, a gajeren zango.

Wajen ƙarshen Oktoba ko cikin Nuwamba ƙanƙara takan sauka ta zauna. Sai a wanke keke a rataye shi a rumfa, a fito da amalanke. Matashin karen nan da ya sha hanyoyin gefen kogi akan ɗaura shi kusa da wani tsoho da ya san tudu, ya ƙarasa koyon abin da mutum ba ya iya koya masa. In ya fito da ƙafafunsa lafiya, bai kuma taɓa korar barewar kowa ba, to, maigidansa ya yi aikinsa. Saura kuma sai abin da watan Maris ya nuna.