Rubutun Da Ba Mutum Ke Karanta Shi Ba

A zamanin nan akwai wani irin rubutu wanda ba malamin da ya iya karanta shi, komai zurfin iliminsa. Ba boko ba ne, ba kuwa ajami ba. Ɗan zane ne mai kusurwa huɗu, cike da ɗigo baƙi da fari kamar jikin zabuwa. Kowa ya sha ganinsa a jikin kwali ko a ƙofar kanti. Turawa na kiransa QR, watau amsa da sauri. In ka haska masa idon wayarka, nan da nan sai ta kai ka wani adireshi na intanet, ba sai ka rubuta ko harafi ɗaya ba.

Asalinsa daga Japan ne. A 1994 wani injiniya na kamfanin Denso, Masahiro Hara, ya ƙago shi domin a riƙa shaida kayan mota a masana'anta. In ka duba za ka ga manyan ɗakuna uku a kusurwa uku. Su ke nuna wa waya sama da ƙasa, ko da a karkace ka riƙe ta. Ƙaraminsa gida 21 ne a tsaye, 21 a kwance. Babbansa ya kai 177, yana ɗaukar lambobi har 7,089.

Ni dai a Anacha na san amfaninsa. Kawuna yana sayar da wake da albasa kusa da Kasuwar Relief, ni kuwa can na kan yi hutu. A farkon 2023, bayan an sake fasalin takardun Naira 200 da 500 da 1,000, kuɗin hannu suka yi wuya ƙwarai, ciniki duk ya koma waya. Masu saro kaya daga Inugu da Fatakwal suna son sanin farashi kafin su taso. Kawu ya kan karanta musu lambarsa da baki, rabi Hausa rabi Turancin kasuwa, ga ƙarar mota ga ihun 'yan dako. Sau da yawa a kan rubuta shida inda ya ce bakwai.

A watan Maris 2021 ne bankunan ƙasar nan suka fito da nasu zanen na biyan kuɗi, mai suna NQR, wannan kuwa a banki a ke samunsa. Wanda na yi wa Kawu mai sauƙi ne, mai kai mutum ga WhatsApp ɗinsa kawai. Yinsa bai kai dafa shayi wuya ba. Ka buɗe adireshin a Chrome, ka taɓa wurin rabawa, ka zaɓi QR, shi ke nan sai bugawa. Amma a bar masa farin fili kewaye, in ba haka ba waya ba ta gane iyakarsa. Adireshi kuma ya zama gajere, gama in ya yi tsawo ɗigon sai su yi ƙanana, tsohuwar waya ta kasa gani. A yi hankali da wuraren da ke cewa kyauta su ke yi. Waɗansu ta gidansu su ke bi da kai, bayan 'yan kwanaki su rufe ƙofa sai ka biya.

Da na kai masa takardar, ya juya ta, ya ce, "Malam, ai wannan hatimi ne."

Na ce, "Hatimi ne, Kawu, amma na waya."

Ya yi dariya. Sa'an nan ya nuna mini buhunan da a ke saukewa, kowanne da shaidar mai shi da fenti, yadda yaron mota ba zai ba wani kayan wani ba. Ya ce, "Ka ga shaidata, ni na san ta. In an sauya, daga nesa zan gane. To, wannan fa, in wani ya liƙa tasa a kai?"

Wannan tambaya ta fi duk bayanin da na yi masa nauyi. Zane biyu, ɗaya na mai gaskiya ɗaya na ɓarawo, a ido duk ɗaya ne. Ba zato ba ne kuwa: a watan Janairu 2022 hukumar FBI ta Amurka ta yi gargaɗi cewa macuta na sauya irin waɗannan zane domin su kwashe kuɗin mutane. In a can an yi, ina ga kasuwar da dubban hannuwa ke wucewa kullum?

Na ji waɗansu cikinmu a kwalejin nan suna cewa wai nan gaba ɗan kasuwa ba ya bukatar karatu, waya ta ɗauke masa. Ban yarda ba. Kafin waya ta buɗe adireshi, ta kan nuna shi da ƙananan haruffa. Wanda ya iya karatu ya duba, ya ga ko inda ya ke nufi ne. Wanda bai iya ba sai ya taɓa, a kai shi inda aka ga dama, kamar makahon da bai san ɗan jagorarsa ba. Mu da za mu koyar da 'ya'yan waɗannan mutane, ɗan layin nan ma darasi ne.

Abin da muka yi shi ne, na rubuta adireshin da boko a ƙarƙashin zanen, Kawu kuma ya rubuta sunansa da ajami a gefen takardar, da hannunsa. Kowace safiya kafin a buɗe buhu, yaron shago ya kan haska zanen ya karanta lambar da ƙarfi, Kawu yana bi da yatsu, gama ita ya haddace ta.