Shuɗin Kaka da Zoben da Ya Ƙi Rufuwa

Kakana ya bar Kano yana marini, ya iso Yawunde yana mai sayar da yadi. A shagonsa na Briqueterie, tsakanin ƙarar kekunan ɗinki da hayaƙin masu tsire, akwai wani tsohon rawani da ba ya sayarwa. Shi ya rina shi da hannunsa a Ƙofar Mata, har yau in ka shafa sai ya bar maka shuɗi a yatsa.

Ni kuwa kimiyyar sinadarai nake karantawa, aikina kuma haɗa wani abu da ake kira oksindol. Zobe biyu ne manne da juna, ɗaya mai kusurwa shida, ɗaya mai biyar. Shi ne ƙashin bayan magunguna irin su sunitinib na ciwon dajin ƙoda, wanda aka amince da shi a Amurka a 2006. Muna farawa da zoben shida mai jela. Sai mu tayar da radikal, wato ƙwayar sinadari mai lantarki guda wanda ba shi da abokin zama, don haka ba ta da haƙuri ko kaɗan. Ta cafki bakin jelar, rashin haƙurin ya koma kan jelar, ita kuma ta lanƙwaso ta kama zoben, na biyar ya rufe. A da, da sinadarin kuza mai guba ake tayar da ita. Yanzu ƙaramar fitila mai shuɗin haske na iya yi.

Wata uku zobena bai rufu ba. Kullum sai in tarar da wani ruwa mai ƙasa-ƙasa, mara amfani. Babana har ya fara cewa shago na bukatar mai lissafi.

Wani dare bayan isha na zauna ina yi wa Kaka ƙorafi, ba don ina zaton zai gane ba. Na ce masa iska ce nake zargi, domin iskar shaƙa tana kama radikal kafin ta yi aikinta. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Kai yaro, mu ma ba ma barin iska ta shiga ruwan baba. Ka tsoma zane da gaggawa, ka kaɗa masa kumfa, ka kashe rijiya. Sai an fito da zane, yana kore-kore, sannan a ba shi iska ya zama shuɗi. Minti nawa kake korar taka iskar?"

Biyar, na ce. Ya yi dariya har da tari.

Abin da ban faɗa masa ba shi ne, a cikin binciken shuni ne Bajamushe Adolf von Baeyer ya samo oksindol a 1866, kuma hanyar da ya buɗe ce ta kai kamfanin BASF ga sayar da shunin masana'anta a 1897. Rahusar wannan shunin na cikin abin da ya rage rijiyoyin rini, daga Indiya har Kano. Wato ni jikan marini, a gidan waɗanda suka karya sana'arsa nake koyon aiki.

Washegari na busa naitirojin cikin kwalbar na rabin sa'a, na toshe bakinta sosai, na kunna fitila. Da safe na samu farin gari, kaɗan ne, bai cika kan cokali ba. Na ɗauki hotonsa a waya na kai wa Kaka. Ya daɗe yana kallo, ya tambaye ni, to yaushe zai yi shuɗi.